Kiyashi a Gidan Kosika

"Innalillahi! Yaya! Wayyo Yaya, zo ka gani!"

Lailatu ta durƙushe a barandar gidansu da ke unguwar Taman Melati a Kuala Lumpur, hannu biyu a ka.

Ɗan ƙaramin gidan da ta kwashe zangon karatu guda tana haɗawa da kwali da tsakuwa, kiyashi ya lulluɓe shi. Rufin ya rufta.

Samfur ne na wani gidan dutse da ke kan tsaunin tsibirin Kosika a Turai, inda aka haifi jagoran neman 'yancin tsibirin, aka kuma mayar da shi gidan tarihi. Yau za ta gabatar da shi a wata gasa a jami'a. Wanda ya ci gasar za a kai shi ya ga gidan da idonsa.

Yaya Tajuddeen, wanda yake riƙe da ita tun zuwanta Maleshiya, ya fito yana ɗaura agogo.

"Da me kika manne rufin?"

"Da... da kullun fulawa."

"Fulawa? A Kuala Lumpur?"

"Gam ne ya ƙare. Kalilu ya ce haka suke yi a firamare a Kano, yana kamawa kamar siminti..."

"Kano akwai wannan laimar? Ai tuwo kika dafa wa ƙwari!"

Kamila, ƙanwar matar Yayan, ta jingina da ƙofa tana duban farcenta.

"Ni dai tsami na ji yana yi, na fito da shi ya sha iska kawai. Na sani?"

Lailatu ta kalle ta, idanunta jawur. Kowa a gidan ya san yadda Kamila ke canza gyale duk ranar da Kalilu, saurayin Lailatu, zai zo.

Yaya ya nuna Lailatu da yatsa.

"Na gaya miki. Ranar da yaron nan ya ɓata miki karatu, ranar zan yankar miki tikitin Kano. Ki faɗi yau, ke da shi har abada!"

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

Kalilu ne, ɗalibin injiniya, riƙe da ledar roti, gurasar ƙasar, da ya sayo mata daga gidan abinci. Yana hango barandar, ledar ta suɓuce masa.

"Laila..."

"Ka kashe ni, Kalilu!"

Ya juya ga Yaya.

"Yaya, dabarata ce, ba tata ba. Ka yi min duk hukuncin da ka ga dama, amma bayan azahar. Yanzu dai a taimaka min da abin busar da gashi."

Yaya ya juya ga Kamila.

"Kamila, ɗauko naki."

"Nawa kuma?"

"Na ce ɗauko!"

Iska mai zafi ta tarwatsa kiyashin. Amma rufin ya riga ya dame, ko yatsa ba ya ɗauka.

"Ki yafe min, hasken idona," Kalilu ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Ba zai gyaru ba."

Lailatu ta share hawaye, ta leƙa cikin gidan ta sama. Ga ɗakin da aka haifi mutumin. Ga murhu. Ga ɗan ɗakin ibadar da aka dawo da ragowar gawarsa daga ƙasar da ya yi gudun hijira. Duk ta ƙera su, sannan ta rufe su da rufi, babu mai gani.

Ta miƙe zumbur.

"Ku cire shi gaba ɗaya!"

"Me?"

"Rufin! A buɗe zan kai shi!"

Yaya ya sunkuyo ya leƙa.

"Ke kika yi duk wannan?"

"Ni ce, Yaya."

"To me kuke jira? Kai, kama can!"

Suna fitowa ruwa ya ɓarke. Kalilu ya cire rigarsa ta sama ya rufa wa gidan, shi da Yaya suka ruga tashar jirgin ƙasa, kafaɗa na gugar kafaɗa.

"A hankali, injiniyan fulawa!"

"Boleh, Yaya, boleh!" in ji Kalilu, wato "za a iya" da yaren ƙasar.

A zauren jami'a alƙalai suka zagaye teburinta suna leƙe kamar yara. Da aka kira sunanta, Lailatu ta daka tsalle har takalminta ya fice.

"Na ci! Yaya, na ci! Kalilu, Kosika!"

Yaya bai yi dariya ba.

"Ba inda za ki. Ba na tura ƙanwata Turai ba muharrami, ni kuma ga kare kundin digirina a gaba."

Murnar ta daskare a fuskarta.

"Yaya, don Allah..."

Ya juya ga Kalilu, wanda ke tsaye a jiƙe jagab yana karkarwa.

"Kai. Fasfonka na da rai?"

"Yana da rai, Yaya."

"Kana da kawu a Kano mai bakin magana?"

Kalilu ya waiwaya ya kalli Lailatu. Lailatu ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na girgiza.

"Ba da kai nake ba?"

"Ina da shi! Wallahi har uku!"

"Ɗaya ya isa. Kira shi tun kafin na huce daga wannan haukan."

Kalilu ya zaro wayarsa, sau biyu tana faɗuwa ƙasa.

Lailatu ta ɗauka ta miƙa masa, tana dariya tana hawaye.

"Riƙe da kyau, masoyi. Ko ni zan danna maka?"