Ƙusar da Ta Hana Mubina Zuwa Suna

A Magariya akwai wata yarinya, sunanta Mubina. Tana da kirki, tana da son aiki. Amma fa gaggawa, ba a magana! Ko kunu aka dama, ba ta jira ya huce.

Babanta, Malam Abdulmajid, direban taksi ne. Wata Juma'a da damina, gidan ya cika da murna. Inna Amira, ƙanwar mamarta, ta haihu a Yekuwa, gobe Asabar suna. Tun da safe Mubina ta ɗaure sabon zanenta a ɗankwali.

Baba ya buɗe gaban mota yana tsaki.

"Baba, lafiya?" in ji Mubina.

"Kin ga wannan farin bidon, mazubin ruwa na roba? Shi ke fesa wa gilashi ruwa. Yashin ruwan rijiya ya toshe shi. Sai na cire shi na wanke, don hanyar Yekuwa duk laka ce."

Ya ɗauko kile, ƙarfen kwance ƙusa. Ƙusoshin da ke riƙe da bidon suka fito salin-alin. Ta ƙarshe kuwa ta yi tsatsa, ta kafe. Baba ya murɗa, ya sake murɗawa, ko gezau.

Sai ya ɗiga mata baƙin mai, ya goge hannu.

"A bar ta ta jiƙa. Zan tafi masallaci. Kada kowa ya taɓa, kin ji ko?"

"Na ji, Baba."

Ta ji da kunne dai. Baba na fita, ta hau zagayen mota. Ta leƙa ta koma, ta leƙa ta koma. A ranta ta ce, "'Yar ƙusa kamar ƙwayar gyaɗa za ta gagare mu? Bari in cire ta, Baba ya dawo ya sa mini albarka."

Ta ɗora kile ta ja da iyakar ƙarfinta. Ina! Sai ta hango taɓaryar Mama a jikin turmi. Ai kuwa ta ɗauko. Ta ɗaga kamar za ta sussuka gero, ta sauke a kan kile.

Ƙwas!

Kile ya goce, ya daki bidon. Bidon ya tsage, ruwa ya tsiyaye ƙasa. Ƙusa kuwa tana nan daram.

Mamarta, Uwani, ta fito da gudu daga madafa.

"Innalillahi! Mubina, mota ce turmi?"

Sai hawaye ya zubo wa Mubina.

Da Baba ya dawo, ya daɗe yana duban bidon. Bai yi faɗa ba.

"Baba, ni ce. Taimako na so in yi."

"Na sani. Matso ki gani."

Ya ɗora kile a kan ƙusar, ya murɗa a hankali. Man ya riga ya ratsa ta. Sai ga ta tana juyawa, har ya ƙarasa da yatsu.

Mubina ta ji kamar ta nutse a ƙasa. Wayyo, da ta sani!

"Amma dai za mu je gobe, ko Baba?"

Ya girgiza kai. "Duk motar da ta wuce za ta watsa mana laka. In ba ruwa, ba zan ga hanya ba. Ba na ɗaukar iyalina in yi tuƙin makafi. Ɗanliti mai liƙin roba kuma ya tafi gona, sai jibi."

Washegari Mama ta hau kabu-kabu ita kaɗai, don babur ba zai ɗauke su da kayan barka ba. Mubina ta tsaya a ƙofar gida har suka ɓace. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba. Tana ta tunanin 'yan uwanta suna can suna cin naman suna, ana guɗa, ita tana nan.

Ran Lahadi suka kai bidon wajen Ɗanliti. Ya gasa ƙarfe a wuta, ya narka roba, ya bi tsagar yana liƙewa. Aikin ya ɗauki lokaci. Mubina ta zauna ta jira har ya gama.

Da la'asar suka isa Yekuwa. Baƙi duk sun watse, an naɗe tabarmi. Inna Amira ta miƙo mata jaririyar.

"Ina kika shige jiya? An yi ta nemanki. Kin san sunan da aka raɗa mata?"

"A'a, Inna."

"Mubina. Takwararki ce."

Mubina ta rungume jaririyar, hawaye ya sake zubo mata. An kira sunanta a gaban jama'a, ita kuwa ba ta nan.

"Takwara, ki yafe mini," ta ce. "Gaggawa ce ta hana ni zuwa."

Kowa ya yi dariya, har ita ma. Baba ya dafa kanta.

"To, me kika koya?"

"In babba ya ce a jira, a jira. Abin da haƙuri zai kwance, ƙarfi ɓata shi yake yi."

"Madalla," in ji Inna Amira. "In ta girma, ke za ki koya mata."