Bututun Ƙarfe Ɗaya Tak

"A wannan cibiyar lafiya ba mu taɓa kauce wa ƙa'ida ba," in ji Darakta. Sufeton 'yan sanda yake faɗa wa haka, riƙe da kwalin da ya buɗe a gaban baƙi da safe ya tarar wayam.

Abin da ya ɓace ɗan bututun ƙarfe ne. Idan sankara ta toshe hanyar maɗaciya, ana zura shi ta baki da kyamarar leƙa ciki, ya buɗe hanyar. Ƙa'ida ta fi son na ƙarfe, don na roba saurin toshewa gare shi. Guda ɗaya cibiyar ke da shi, a kabad, na nuna wa baƙi. Marasa lafiya kuwa, roba.

"Duk wanda ya ɗauka, korarre ne," in ji Darakta.

Mai shara ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ko goge kabad ɗin an hana ni."

Mai sito yana da makulli, amma dariya ya yi. "Yallaɓai, ina zan kasa shi? Kusa da tumatir?"

Sufeto ya zazzage kwalin. Ledar bututun ta faɗo, an ɓare ta tsaf. Mai niyyar sayarwa ba ya ɓare leda. Aiki aka yi da shi.

"Wa ya samu sauƙi kwanan nan?" ya tambayi wata nas.

Ta nuna wani tsohon tela da ya saba dawowa da rawayan idanu, yana susa. Yanzu idon fari tas, yana faɗa da 'yarsa kan ƙarin nama.

"Baba, wa ya yi maka aiki?"

"'Yar likitar nan mai gajeren haƙuri. Ɗana, tun da ta taɓa ni na manta da ƙaiƙayi. Ke, miƙo ƙashin!"

Hoton ciki ya nuna ƙarfen zaune daram. Likitar ba ta musa ba. "Robar ta sake toshewa. Ƙa'ida na bi."

Sufeto ya juya ga Darakta. "Kayan satar na cikin Baba. A fito da shi?"

Darakta ya dubi 'ya'ya da jikokin telan da suka cika ƙofa.

"Wace sata? Ni na ba da umarni!"

Ɗakin ya kaure da guɗa. Tela ya rantse sai ya ɗinka wa Darakta riga kyauta.

Ba a kori likitar ba. An dai mayar da ita ɗakin ajiye fayil, don ta huta. Ta ɗauki kofin shayinta ta sauka ƙasa, ana can ana ɗaukar Darakta hoto.