Layin Da Khaula Ta Ja

Ranar wata Talata Fatihu ya fara ganinta. Ya taso daga Yangoji da kula cike da ƙanƙara, a ciki kwalabe shida na madarar shanun rugarsu. Kamfanin yogot ɗin da ke sayen madarar ya ce duk wata sai an gwada ta, ko akwai ragowar maganin allurar shanu. Shi aka aika ɗakin gwajin da ke Idu, don shi ne ya gama sakandare.

Wata yarinya mai farar rigar aiki ta karɓi kular. Khaula sunanta. Ta ɗago ta dube shi, ya manta lambar wayarsa da za a rubuta a fom.

“Malam, lambar ce ta gudu ko kai ne?”

“Tana nan zuwa,” ya ce.

Ta yi dariya har sai da ta dafa tebur.

Da ya dawo karɓar sakamako, sai ya tsaya yana juya takardar. Zane ne na wani layi da ke tafiya a kwance, ya tashi ya yi tudu, ya sauko. Ta jawo kujera.

“Kowane tudu abu ne da na’ura ta gani a madararka. Girman tudun shi ne yawan abin. Layin ƙasan nan daga shi ake aunawa. Ka ga haruffan gefe? BB, tudun ya tashi daga ƙasa ya sauka a ƙasa, tsaf. VV, ya manne da maƙwabtansa. In ka ga MM, mutum ne ya ja layin da hannunsa.”

“Da hannu? To ai mutum zai iya rage tudun.”

“Zai iya. Shi ya sa na’ura take tona shi.”

Daga ranar ya zama ɗalibi. Wata shida yana kawo madara, har da kindirmo na musamman wanda ba na gwaji ba. Tana ce masa Ardona, yana ce mata Malamata. Saƙonninsa gajeru ne kamar shi.

“Malamata, na iso gida. Hankalina bai iso ba.”

“Ardona, yana nan a aljihun rigata. Ka zo ka karɓa da kanka.”

Amma da maganar aurensu ta je gaban mahaifinta, Alhaji Zakiyyu, wanda ya shekara ashirin da bakwai yana aiki a wata ma’aikatar tarayya, bai ko ajiye jaridarsa ba.

“Mai digiri da mai tallan nono? A’a.”

Akwai kuma Tawfiq, abokin aikin Khaula, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa gidan da kwandon lemo daga Zuba. Shi ya kai wa Alhaji kwafin sakamakon madarar Fatihu na watan nan. Madarar ta ci gwaji, amma a gefen tudun maganin an rubuta MM.

Khaula ta turo saƙo: “Tawfiq ya gaya wa Baba wai na rage tudu don in cece ka. Baba ya ce ka cuci tarbiyyata, kada ka sake taka masa gida.”

Fatihu ya zaro tasa takardar. MM. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Sai ya tuna saniyar ƙanin babansa Sale da aka yi wa allura a watan. An ce an ware madararta. To in ba a ware ba fa?

Ya kira ta. “Ke kika ja layin?”

“Ni na ja.”

“Saboda ni?”

Ta ce, “Kai ma, Fatihu?” Ta kashe wayar.

Ba ta taɓa kiran sunansa haka ba.

Washegari da sassafe yana Idu. Ya wuce kai tsaye ofishin shugabar ɗakin gwajin, Madam Lucy.

“Madam, akwai sauran madarar nan a firij?”

“Akwai. Amma ka ci gwaji, me kai yana nema kuma?” ta ce da Hausarta ta koyo.

“A sake. Kuma Tawfiq ya yi da hannunsa, kina tsaye.”

“In ya faɗi, kamfani zai daina karɓan madaranku fa.”

“Na sani.”

Khaula tana bakin ƙofa, ba ta dube shi ba. Shi ma bai tsaya ba. Ya hau mota sai Kubwa, gidan da aka hana shi takawa. Ya sami Alhaji a tsakar gida, ya durƙusa nesa kaɗan.

“Baba, na karya umarninka, ka yafe ni. Na sa a sake gwajin. Wanda ya kawo maka ƙara shi ke yi yanzu haka. In madararmu ba ta da kyau, ba za ka sake ganina ba. In tana da kyau, a wanke Khaula.”

Alhaji ya sauke tabarau. “Kai ka nemi a sake? Bayan takarda ta ba ka gaskiya?”

“Yara ke shan yogot ɗin, Baba.”

Alhaji bai ce ya tashi ba, bai ce ya zauna ba. Aka yi azahar, suka je masallaci suka dawo. Fatihu ya ajiye wayarsa a kan tabarma, yana kallonta kamar za ta yi cizo. Can wajen ƙarfe uku ta yi ƙara. Hoto ne daga Madam Lucy, da saƙo a ƙasa:

“An ba na’ura lokaci mai tsawo, tudu biyu da suka manne sun rabu. BB. Adadi ɗaya da na Khaula. Dama ni na sa hannu ta ja layin, na’ura ta haɗa maganin da wani abu daban. Bayani yana shafi na biyu, Tawfiq bai kai wannan ba.”

Fatihu ya miƙe zumbur, ya tuna inda yake, ya koma ya durƙusa.

“BB ne, Baba! Wallahi BB ne!”

“Mene ne kuma BB?”

Ya matso da wayar. Ya nuna masa layin ƙasa, ya nuna tudun, ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya masa. Alhaji ya daɗe yana kallo.

“Wa ya koya maka wannan?”

“’Yarka.”

“Hm. Ni shekara huɗu na biya mata makaranta, ba ta taɓa yi mini bayani haka ba.” Ya mayar da tabarau. “Ka ce manyanka su zo ranar Asabar.”

Saura mai wuyar. A bakin titi ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa.

“Malamata, na yi zarginki. Ban karanta shafi na biyu ba. Ki yafe wa ɗalibi.”

Sai amsarta ta shigo:

“Ɗalibin da ba ya juya takarda, hukuncinsa kindirmo ƙwarya guda duk Juma’a har ƙarshen rayuwa. Ka yarda, Ardona?”

Ya yi tsalle a gefen titi har wani mai keke ya taka birki.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a Kubwa. Mutanen Yangoji suka cika bas uku, Madam Lucy ta sha kindirmo kofi biyu tana cewa wannan ba sai an gwada ba. Da za a tafi da amarya, Alhaji Zakiyyu ya kama hannun Fatihu ya riƙe.

“Na ba ka ita ne saboda ka ƙi yarda da takardar da ta yabe ka. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri’a masu gaskiya.”

Duk wurin aka amsa da amin. Ta cikin mayafi Khaula ta ce a hankali, “Gobe Juma’a fa, Ardona.”

“Ƙwaryar tana mota,” ya ce.