Katifar da Aka Ɗinka wa Sabuwar Riga

Wallahi ko na dafa littafi ba za ku yarda ba: katifar yarinya ce ta kusa kashe auren soyayya!

Sahiba, kamar yadda mijinta ke kiranta, na zaune a falo rungume da 'yarsu Mimi, ƙirjin yarinyar na kuka kamar usur. Uwar miji na tsaye a kansu, ta riƙe ƙugu.

"Me likitan ya ce? Maimaita in ji!"

"Umma, cewa ya yi fumfunar kaya take shaƙa."

"Fumfuna! Ai ƙazanta ce ya sakaya miki! Kin ji kunya!"

Sahiba ta haɗiye kuka. Labule ta wanke, zannuwan gado ta wanke, kayan Mimi sun sha rana har sun koɗe. Ta dubi mijinta, mai gyaran kujerun da ya sa wa kansa suna Injiniya, mutumin da a da yake rantsuwar zai tare mata harsashi. Yau ko tari bai tare mata ba, sai sosa ƙeya.

"Dalin, ba za ka ce komai ba?"

"To... ki dai ƙara kula."

"In ƙara kula?!"

Umma ta karɓe yarinyar. "Haɗa kayanki ki tafi gidanku ki koyo tsafta. Jikata tana nan!"

Sahiba ta shige ɗaki, ta kifa fuska a katifar Mimi, wadda Injiniya ya kawo yana cika baki cewa sabuwa ce dal daga kamfani. Tana jan numfashin kuka sai wani wari ya doke ta, warin tsumman da ya kwana a ruwa. Ta ɗago. Ta sake shinshinawa. Ta ɗauko reza — ƙeeet!

Soson ciki baƙi ƙirin, ga kore-kore, ga danshi!

Ta jawo katifar har falo ta yar. "Umma, ga ƙazantar tawa."

Injiniya ya soma laluben ƙofa.

"Tsaya nan, ɗan nema! Mene ne wannan?"

"Umma, kwaliti ce fa... ruwan sama ne ya ɗan taɓa ta a shago, wanda ya kawo ta gyara ya ƙi karɓa, shi ne na ɗinka mata sabuwar riga..."

"Kana ji ina zagin 'yar mutane, ka yi mini shiru?"

"Ka ji likita da kunnenka," in ji Sahiba. "Kullum 'yarka na kwana a kai. Girman kanka ya fi numfashinta?"

"Sori, Sahiba. Kunya na ji."

Umma ta cire takalmi. Ƙato da gemu, sai ga shi yana zagaye kujera! A kansa ta ɗora masa katifar, ya bi layi da ita zuwa bola, maƙwabta na tambayar Injiniya ko kamfanin ne ya aiko a mayar.

Umma ta miƙa wa Sahiba 'yarta. "'Yata, ki yafe mini."

Da magani da sabuwar shimfiɗa, ƙirjin Mimi ya yi shiru, ta koma tsalle-tsallenta. Haƙurin Sahiba ya riƙe mata ɗakinta da 'yarta. Ku kuma maza, duk wanda ya rufe laifinsa ya bari ana zagin matarsa, a kansa zai ɗauka. Injiniya dai an yafe masa, amma wankin labulen gidan ya zama nasa har abada.