Abin da Eudis Ya Rubuta

Doña Casilda, surukar Eudis, na kan tukunyar wake tana juyawa lokacin da Eudis ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayinsa. Kofi biyu yake gani, ya cafki wanda babu, na gaskiyar ya kife a tebur.

"Oh ni Casilda! Na uku ke nan a satin nan!"

"Yi haƙuri, Doña... Doña..." Ya yi turus. Shekara huɗu yana auren 'yarta, amma sunan ya ƙi zuwa, sai laƙabin girmamawar kawai.

Matarsa Yaneris ta zo da tsumma tana gogewa, kanta a ƙasa. Wata takwas ke nan da mota ta kwashe shi da babur ɗinsa na haya a hanyar garin Barahona, kansa ya daki kwalta. Ya tashi, amma abin da aka faɗa masa da safe ba ya kai yamma, tafiya kuwa sai tangaɗi. Dole suka dawo gidan uwarta da zama.

Uwar ta ja ta gefe. "Ke, shekarunki ashirin da shida fa! Haka za ki ƙare a goge-goge? Uwarsa na nan da ranta a garin Neiba, mayar mata da ɗanta."

"Haba Mama, mijina ne fa!"

"Miji? Wanda bai san ko ya ci abinci ba?"

Ranar Lahadi aka yi wa 'yar ƙanwar Yaneris baftisma. A matattakalar coci ƙafar Eudis ta kuskure, ya zube gaban jama'a, ya jawo tukunyar furanni ta tarwatse. Remedios, yayar Doña Casilda da ta dawo daga ƙasar waje ba ta san shi ba, ta taɓe baki.

"Wane mashayi ne wannan da sanyin safiya? Ba shi da dangi ne?"

Yaneris na tsaye kusa da ita. Sai ta buɗe jaka ta shiga lalube kamar ba ta ji ba. Wani tsoho mai sayar da ƙanƙara ne ya ɗaga shi. Eudis ya rufe ido ɗaya, yadda yake yi in yana son ya ga abu sosai, ya dubi Yaneris.

"Ai kafin yamma ya manta," ta ce a ranta. Haka kuwa aka yi, da yamma har tambayarta ya yi ko gobe ne baftismar. Ta ji sanyi, sannan ta ji kunyar sanyin da ta ji.

Ranar Laraba tana wanki ta tsinci ɗan littafin da likita ta sa shi ya riƙa rubuta abubuwa a ciki. "Magani ƙarfe takwas." "Riƙe bango in za ka tashi." A shafin ƙarshe, da rubutu karkatacce: "Lahadi kar ka bi Yaneris coci. Kana ba ta kunya. In ka manta dalili, ka yarda da ni kawai."

Ta zauna a bakin baho ta yi kuka mai isarta, sannan ta same shi gindin mangwaro yana koyon taka layin da ta zana masa da alli.

"Eudis, me ya sa ka rubuta wannan?"

Ya karanta a hankali. "Gaskiya ban tuna ba. Amma hannuna ne. Me na yi miki kuma?"

Da ta ce ba komai, da shi ke nan. Amma ta durƙusa ta faɗa masa duka, har da laluben jakar.

Ya yi ɗan murmushi. "To share hawayenki. Gobe war haka na manta."

"Ni ce ba zan manta ba!"

Lahadin da ta zagayo ta goge masa farar riga, ta saƙala hannunta cikin nasa. Uwarta ta tare ƙofa.

"Ina kuma za ki da shi? Wancan abin kunyar bai ishe ki ba?"

"Ya ishe ni, Mama. Amma ni na yi shi, ba shi ba."

Suka hau matattakalar ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirga masa, mutane na kallo. Ta tsaya gaban Remedios.

"Inna, kin tambayi dangin mashayi. Ga ni. Mijina ne, kuma bai taɓa sa giya a baki ba."

Remedios ta rasa inda za ta sa fuskarta. Doña Casilda da ta biyo su a baya ta matso ta riƙe masa ɗaya hannun, tana mitar ana tare wa mutane hanya.

Sai da aka ƙara shekara guda da rabi ana zaryar asibiti. Tabarau na musamman ya haɗa masa ganinsa wuri ɗaya, ya ajiye sandar da yake dogarawa, ya samu gurbi a shagon gyaran babura. Mantuwa dai ba ta sake shi duka ba, hawan babur kuwa ya yi bankwana da shi. Yaneris ba ta ƙara tafiya gabansa ko bayansa ba, kullum kafaɗa da kafaɗa. Ta gane cewa lalura ba abin kunya ba ce. Abin kunya shi ne naka ya faɗi ka kau da kai.