Ragowar Maganin Yusha'u

A tashar Magama Yusha'u, direban Maraɗi, ya fara ganin Na'ima cikin fararen kayan jinya. Ya ba ta gidan gaba, kafin su kai Jibiya zuciyarsa ta gama tafiya. Sai dai mahaifinta, Alhaji Maɗugu, ya ce atafau ba zai ba direba 'yarsa ba.

Ana cikin haka ƙarfen mota ya yanki Yusha'u a hannu, wurin ya tara mugunya. Na'ima ta wanke, likita ya rubuta kafso.

"Sahibina, maganin nan bangon ƙwayoyin cutar yake fasawa su mutu," ta ce. "Marasa ƙarfi ke fara mutuwa. In ka tsaya, sauran su hayayyafa. Ka shanye tas."

Ya yi alkawari. Amma kwana kaɗan hannun ya sake kumbura har gwiwa, ga zazzaɓi. Likita ya ce in sabuwar allura ba ta kama ba, sai an yanke. Direba kuwa da hannu yake ci.

Na'ima ta tura masa saƙo tana kuka: "Ka shanye ko ba ka shanye ba?"

"Ban shanye ba, Hasken idona. Kar ki tambaye ni dalili."

Wannan amsa ta fi ciwon ƙona mata rai. Ta koma gida ta faɗa wa innarta, ashe Alhaji na ji daga zaure. Ya shigo jiki a sanyaye.

"Kafso ja da ruwan ɗorawa? Ni na shanye shi. Na gan shi a tasha yana sha, ni ko mura ta dame ni, na ce ya sam mini. Yaron nan ya juye min duka."

"Baba, ko mura ba ya yi wa magani!"

"Kunyata ya ji, ɗiyata. Kuma bai tona ni ba."

Alhaji da kansa ya yi jinyar. Allurar ta kama, kumburin ya saɓe, amma ɗan yatsa guda bai tsira ba.

Ranar ɗaurin aure Alhaji ya riƙe hannun nan a gaban jama'a, ya ce:

"Yatsan nan ni na ci shi. Ga Na'ima, Allah Ya yi muku albarka."