Wanda Ya Kwashe Kayan Yalwa

Yalwa ta dawo daga zagayen masana'antu ta tarar da kayanta jere a barandar bene, an kuma sauya makullin ɗakin. Ba ta yi kuka ba. Wa zai rarrashe ta? Ta tsaya tana kallon kayan kawai.

Gidan yana wani ƙauye can bayan Panyu, a gefen birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda haya ke da sauƙi, amma maganar dattawan ƙauye ta fi ta hukumar birni kusa. Sharaɗin da ta shiga da shi ɗaya ne: ba a korar ɗan haya sai da sanarwa, amma in ya kwashe kayansa da kansa, ɗaki ya koma hannun mai gida. A wannan adireshin kuma 'yan sanda suka yi mata rajista. In ɗakin ya tafi, zamanta a Guangzhou ya shiga garari.

Ta fara da mai gidan, tsoho Liang, waya na yi musu tafinta.

"Boss, kai ka fitar da kayana?"

"No, no! Saƙo aka ajiye wa matata, wai kin koma ƙasarku. Da na zo, ɗaki wayam."

Ta yarda da shi. Ta taɓa ganin yadda yake korar ɗan haya. Ta taga yake jefo tukwane. Waɗannan kuwa an ware buta daga kayan girki, takalma a ƙasa, Alƙur'ani a can saman akwatuna, naɗe cikin mayafinta. Wannan aikin Musulmi ne, kuma su uku ne kacal a gidan.

Ta hau sama wajen Shitu, ɗalibin likitanci.

"Ɗan uwa, da kai ne za ka ɗauko Alƙur'ani daga kan kanta, yaya za ka yi?"

"Haba Hajiya, alwala zan yi in ɗauka mana."

Ta gode masa ta sauko. Saura Mariam, 'yar Maraɗi, wadda suke cin tuwo kwano ɗaya duk Juma'a.

"Mariam, kina salla makon nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Yaya?"

"Namiji zai yi alwala ya ɗauka. Ɗan Sin zai ɗauka ko ta yaya. Macen da ke fashin salla ce kaɗai za ta sa mayafi don kada hannunta ya taɓa. Ke kuma na bar wa makulli ki shayar min da shuka."

Mariam ta zame ta zauna a ƙasa.

"Ƙanena Souleymane zai zo, babu mai ba shi ɗaki. Na ce a raina ke kina da mutane a kasuwar Tianxiu, ba za ki rasa wurin kwana ba."

"Kin ji tsoron taɓa Littafi," in ji Yalwa, "amma ba ki ji tsoron barina a titi ba."

Kashegari dattawan ƙauye suka saurari zancen, suka sa Liang ya mayar mata da ɗakinta. Shi kuma ya ba Mariam sanarwar tashi, bisa ƙa'ida.

Ranar da wa'adin ya cika, Yalwa ta ji ana jan akwati a kan matakala. Ƙarar ta tsaya daidai ƙofarta. Daga yau babu mai ce mata "ina kwana" a hawan nan. Ta kama mariƙin ƙofar, ta daɗe riƙe da shi, har akwatin ya ci gaba da sauka.